Adon Gidan Kirsimeti a Jos: Na Kasuwa da Na Hannu

Garin Jos yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga saman teku, shi ya sa sanyin hunturunsa ya yi suna a duk faɗin Najeriya. A watan Disamba, in dare ya yi nisa, sanyi kan kai kusa da digiri 10. Da safe hazo ya rufe duwatsun Shere, mutane su fito cikin rigunan sanyi da hulunan ulu. A wannan yanayi ne Kiristocin garin suke shirin babban bikinsu na shekara, kuma gyaran gida da ƙawata shi na daga cikin manyan ayyukan shirin. Berom da Afizere da Anaguta, da Angas da Mwaghavul da Tarok da Goemai, da Ibo da Yarbawa da haƙar kuza da kasuwanci suka kawo kakanninsu, da Hausawa Kirista, kowa da yadda yake yi a gidansu, amma akwai abubuwan da suka zama na kowa.

Wanda ya shiga falon mutumin Tudun Wada ko Anguwan Rukuba ko Kabong a makon bikin zai ga kaya iri biyu a haɗe. Ga na kasuwa masu walƙiya da aka ƙera a ƙasar Sin, ga kuma waɗanda yara da iyaye mata suka yanka, suka liƙa, suka saƙa da hannunsu. Ba a ɗaukar ɗaya a matsayin kishiyar ɗaya. Abin da ake nema ga dukkansu shi ne duk wanda ya yi sallama ya gane cewa an san da zuwansa, an kuma shirya masa.

Yadda al'adar ta shigo

Ta hanya biyu adon Kirsimeti ya hau tudun Filato: ta mishan da ta kuza. A shekarar 1904 Karl Kumm da abokan tafiyarsa na ƙungiyar SUM suka kafa tasharsu ta farko a Wase, daga nan aikin ya bazu zuwa Langtang da Vom da Gindiri, har ya haifar da ikilisiyar da ake kira COCIN a yau. Ƙungiyar SIM kuma ta haifi ECWA a 1954. COCIN da ECWA dukkansu hedikwatarsu a Jos take. A makarantun mishan ne 'yan ƙasa suka fara koyon yanka takarda mai launi a yi sarƙa da ita a rataya a aji da majami'a, 'yan mata kuma suka koyi saƙar ulu da ɗinkin fulawa a kan farin ƙyalle.

A ɗaya ɓangaren, Turawan kamfanonin kuza, waɗanda da yawansu suka fito daga yankin Cornwall na Ingila, sun zauna a unguwanni irin su Rayfield da Anglo-Jos. Majami'ar Angilika ta St. Piran da ke Jos sunan waliyyin mahaƙan kuza na yankinsu ta ci. Kuku da boyi da mai kula da lambu da suka yi aiki a gidajensu sun ga yadda ake kafa reshen itace a falo a rataya masa kaya, ana jera katunan gaisuwa a kan zare, suka kai labarin gida. Su ma Turawan Ingilar aro suka yi, domin al'adar bishiyar ta Jamusawa ce, ba ta karɓu sosai a Ingila ba sai bayan da wata jaridar Landan ta buga zanen Sarauniya Victoria da mijinta Albert da 'ya'yansu kewaye da irin wannan bishiya a 1848.

Sai dai baƙuwar al'adar ba ta tarar da wuri fayau ba. Mutanen Filato sun daɗe da sanin cewa bayan damina lokacin gyaran gida ne. Ruwan da ake tafkawa daga Afrilu zuwa Oktoba yakan zaizaye bango, ya ruɓar da jinka, ya farfasa daɓe. Da an girbe acca da dawa an cika rumbuna, sai a juya kan ɗakuna. Kirsimeti ta faɗo daidai kan wannan lokaci, ta ba aikin ranar da dole a gama shi kafin ta zo.

Shara kafin ado

Har gobe, babu uwar gidan da za ta yarda a rataya ko da balan-balan ɗaya kafin a yi abin da ake kira babbar shara. Tun farkon Disamba ake fitar da kujeru da katifu tsakar gida, a kakkaɓe su, a ɗaura tsintsiya a kan gora a share yanar gizo-gizo daga silin, a kwance labule a wanke, a goge gilashin taga da tsohuwar jarida. Kwanukan tangaran da kofunan gilashi da ke zaune cikin kabad shekara guda ba wanda ya taɓa su, a fito da su a wanke a mayar. Kujerar da ta yage a kai wa kafinta ya sake mata yadi, ledar ƙasa da ta ƙoƙe a sauya ta. Mai hali ya kira mai fenti, shi ya sa masu fenti da kafintoci da teloli ba sa samun barcin kirki a wannan wata. Wanda bai da halin fentin gida duka yakan shafa wa gaban gida da falo kawai, tun da nan ne ido ke sauka.

A ƙauyukan Riyom da Barikin Ladi da Mangu da Pankshin, inda har yanzu akwai ɗakunan ƙasa, aikin ya fi haka nauyi, kuma mata ne ke riƙe da shi. Sukan kwaɓa ƙasa su toshe tsagar bango, su shafe shi da tafin hannu har ya yi sumul. Sannan a jiƙa farar ƙasa, wadda Filato ke da ita da yawa, a shafa da tsumma ko guntun tsintsiya. Wasu sukan ja ɗamara da jar ƙasa ko baƙin gawayi daga gindin bangon zuwa gwiwa, su zagaye bakin ƙofa da ita. Daɓe kuwa aikin gayya ne. A zuba marmara da tsakuwa, a yayyafa ruwa, mata su jeru a durƙushe kowace da madaɓinta, suna bugawa tare suna waƙa, suna ja da baya kaɗan-kaɗan har su fito ta ƙofa. In ya sha iska a zuba masa ruwan makuba da aka jiƙa daga ɓawon ɗorawa, ya yi duhu, ya yi ƙarfi, ya riƙa ƙyalli. Samari kuma su sassabe hanyar shiga gida, su rage shingen ƙerana da ke kewaye da gidaje da gonaki, su jera duwatsu gefe da gefe su shafa musu farar ƙasa, har da gindin mangwaron ƙofar gida. Wannan ɗabi'a ta farar da duwatsu daga bariki da makarantun mishan ta fito, amma ta zauna daram.

Kayan kasuwa

Cibiyar sayayyar ita ce Taminus. Tun da gobara ta cinye babbar kasuwar Jos a watan Fabrairun 2002, ciniki ya watsu zuwa titunan da ke kewaye da ita: Ahmadu Bello da Murtala Mohammed da Rwang Pam. A Disamba shagunan da suka saba sayar da kayan biki ko kayan wasan yara ko kayan lantarki sukan fito da kayan Kirsimeti bakin titi. Akwai bishiyar roba mai zuwa a naɗe cikin kwali, daga wadda za a ɗora a kan tebur zuwa wadda ta fi mutum tsayi. Akwai igiyoyin ƙyalƙyali ja da kore da ruwan zinariya, da ƙwallaye masu sheƙi, da 'yan ƙararrawa, da taurarin roba, da jar hular Baba Kirsimeti, da takardar ado mai naɗewa wadda in an ja ta take buɗewa ta zama doguwar sarƙa. Akwai kuma wutar ado, mai kunnawa tana kashewa, wata ma da ɗan akwatin da ke rera waƙa har sai an gaji an cire masa waya.

Mafi yawan waɗannan kaya daga birnin Yiwu na lardin Zhejiang a ƙasar Sin suke fitowa, inda ake ƙera kaso mafi girma na kayan adon Kirsimeti na duniya. Su sauka a tashar jiragen ruwa ta Legas, su bi ta hannun manyan dillalai na Legas da Onitsha, su hauro Jos a manyan motoci. A kasuwar Katako kuma, inda ake fasa dilar gwanjo, mai sa'a yakan tsinci labule mai kauri ko rigar tebur mai zanen Kirsimeti da wani gida a Turai ya gama yayinta. Masu son kalanda da katunan gaisuwa da ayoyin da aka sa a firam sukan nufi kantunan littattafai irin su Challenge na ECWA da Albishir na COCIN.

Cinikin wutar ado yana da ƙa'idarsa: ba a biya sai an gwada. Mai shago yakan ajiye soket a gefen teburinsa saboda haka.

"Mama, wannan mai kyau ne, shekara biyar za ki yi da shi."

"Haka ka ce mini bara. Sa shi a wuta in gani."

Ya jona, ta bi igiyar da ido ƙwai bayan ƙwai, ta ja wayar a hankali ta ji kaurinta, ta ce a bar shi ya ɗan jima a kunne ta ga ko zai yi zafi. Sai bayan nan ake maganar kuɗi, ya faɗi nasa, ta raba biyu, su haɗu a tsakiya, ta nemi gyara ya ƙara mata balan-balan.

Lokacin sayen ma dabara ce. Masu tsari sukan saya tun Nuwamba kafin kaya su hau. Masu haƙuri kuma sukan jira yammacin 24 ga wata, lokacin da ɗan kasuwa ya gwammace ya karyar da ya ajiye kaya shekara guda, balle wanda motar tafiya garinsu a gabas ke jiransa. Tun da aka cire tallafin mai aka kuma saki darajar Naira a 2023, duk abin da ya tsallako teku ya yi tsada, kuma kuɗin shinkafa da kaza da ɗinkin yara su ke gaba. Wannan ya sa gidaje da yawa suka rage sayayya zuwa abu ɗaya ko biyu a shekara, suka koma wa abin da hannu zai iya.

Na hannu

An ce araha ba ta ado, amma falon mutanen Jos yakan ƙaryata wannan magana. Da an ba da hutun makaranta a tsakiyar Disamba, yara sukan zama ma'aikatan gida. Aikin farko shi ne sarƙar takarda: a yanka takarda mai launi sala-sala, ko bangon tsohon littafin rubutu, ko kalandar da ta ƙare, a lanƙwasa kowane sala ya zama zobe, a zura na gaba a cikinsa a liƙe. In babu gam, uwa ta dama ɗan sitaci ko garin rogo a kan wuta, ya yi kauri ya huce, a riƙa shafawa da tsinke. Sarƙar takan tashi daga kusurwoyi huɗu na falo ta haɗu a tsakiyar silin, inda ake ɗaure tarin balan-balan ko babban tauraro.

Tauraron aikin manyan yara maza ne, waɗanda suka ƙware wajen ƙera motar kara. Sukan zaɓi sillen karan dawa guda biyar masu tsayi ɗaya, su gicciya su har su ba da tsini biyar, su soke mahaɗar da tsinken tsintsiya ko su ɗaure da zaren buhu. Mai son na musamman yakan yi biyu, ya haɗa su da gajerun kara a tsakani don ya sami ciki, ya lulluɓe da jar leda ko takarda mai shara-shara, ya zura ƙwan tocila da batir. Da dare in an rataya shi a baranda, ana hango shi daga bakin layi. 'Yan mata kuma sukan tara takardun alewa da gwangwanin madara da kwalin ashana. Kwalin ashanar a naɗe shi da takarda mai ƙyalli a ɗaure da zare ya zama ƙaramar kyauta ta rataye a bishiya. Murfin gwangwani a huda shi da ƙusa, tsohon faifan bidiyo a ɗaura masa zare, duk su riƙa juyawa suna mayar da haske. Auduga kuma a yayyaga ta a kan rassa a madadin dusar ƙanƙarar da yaran ba su taɓa gani ba sai a kati da talabijin.

Aikin manyan mata ya fi ɗaukar lokaci, ya kuma fi daɗewa. Saƙar kwarashi ta yi ƙarfi a Jos saboda sanyi, kuma a Zumuntar Mata da ƙungiyar 'yan mata ta majami'a ake koya wa juna. Tun watan Satumba mace za ta fara saƙa 'yan mayafan da ake shimfiɗawa a bayan kujera da hannuwanta, da na kan tebur da na kan talabijin, fari da ja ko fari da kore. Wata ta karɓo ƙyallayen atamfa daga wurin tela ta ɗinka rigunan filo, ko ta yanka su kusurwa uku-uku ta jera a igiya. Sau da yawa ragowar ankon da iyali suka ɗinka na bana ne ake yin wannan da shi, sai ka ga kujera da masu gida sun yi shiga iri ɗaya. Faifai mai launi da ƙwarya mai zane da ƙaramin kwando da tukunyar ƙasa, da kayan fata irin na Naraguta, su ma sukan hau bango ko kan kabad. Wanda ya san jeren ɗakin amarya a ƙasar Hausa ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin manufar ɗaya ce: mace ta nuna tsaftarta da iya hannunta ta kayan da ta jera.

Bishiya da fure

Jos ta fi yawancin garuruwan Najeriya sa'a ta fuskar bishiyar Kirsimeti, domin itatuwan ƙasashen sanyi suna yi a cikinta. Tun zamanin Turawa aka dasa itatuwa masu ganye kamar allura a gidajen gwamnati da na mishan da makarantu, har akwai kurminsu a gandun namun daji na garin. Gidan da bai sayi bishiyar roba ba yakan samo reshe ɗaya mai kyau, a kafa shi cikin bokiti ko gwangwanin fenti, a cika da yashi da duwatsu, a naɗe bokitin da zane ko takardar kyauta. Reshen yakan cika ɗaki da ƙanshi, sai dai iskar hunturu ba ta barinsa ya wuce mako guda bai fara zubar da ganye ba, don haka sai ana jibi biki ake sarowa. Wasu kuma busasshen reshe suke samu mai rassa da yawa, su shafa masa farin fenti, su rataya masa kaya.

Akwai kuma furen da mutane ke kira furen Kirsimeti, wanda asalinsa daga Meziko yake. A Turai da Amurka cikin ƙaramin kasko ake sayensa, amma a Jos yakan girma a tsakar gida har ya wuce tsayin mutum. Ganyayensa na sama sukan rikiɗe su yi ja wur idan dare ya fara tsawo, wato daidai ƙarshen shekara. Ɗan'uwan ƙerana ne, yana da farin ƙaro irin nata mai ƙaiƙayi, shi ya sa mata kan ƙona bakin reshen da suka yanka ko su tsoma shi a ruwan zafi kafin su sa a kwalba, don kada ya yi saurin yaushi. Masu lambun fure da ke bakin manyan titunan garin su ma kasuwarsu takan buɗe a wannan lokaci, musamman wajen masu ƙawata majami'u da wuraren ɗaurin aure, tun da Disamba watan aure ne.

Bambancin ɗariƙu

Abin da ke kan bango yakan gaya wa baƙo majami'ar da masu gida ke zuwa. A gidajen Katolika abin da ya fi muhimmanci shi ne kwaikwayon wurin haihuwar Yesu, al'adar da ake dangantawa da Waliyyi Francis na Assisi, wanda ya shirya irinsa a ƙauyen Greccio na Italiya a 1223. Ana yin 'yar bukka da kara da ciyawa, irin bukkar da kowa ya sani a gona, a shimfiɗa yashi ko ƙaiƙayin acca, a jera Maryamu da Yusufu da makiyaya da tumaki. Wasu mutum-mutumin saye ake yi, wasu yara ne ke gina su da yumɓu su shanya a rana, har da shanu masu tozo da dogayen ƙahoni irin na Fulani. Komin dabbobin yakan zauna babu kowa a ciki sai daren 24 ga wata, bayan an dawo daga sujada, sannan a sa jaririn. Siffofin masanan gabas da suka zo gaishe da jaririn kuma ba a kawo su kusa sai a farkon Janairu.

A gidajen COCIN da ECWA da Baptis ba a cika ajiye siffofi ba. Rubutu ne ke ɗaukar wurinsu: aya daga Ishaya ko Luka da aka yanka harufanta da takarda mai ƙyalli aka liƙa a kwali, ko aka ɗinka da zare a kan ƙyalle, da gaisuwar barka da Kirsimeti da sabuwar shekara a saman ƙofa. Da yake tun fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932 harshen ya zama na sujada a yawancin majami'un Filato, rubutun kan zo da Hausa ko Turanci, wani lokaci da harshen masu gidan. Akwai kuma dattawan da ba sa son ganin hular Baba Kirsimeti da bishiya ko kaɗan, suna cewa sun janye hankalin yara daga ainihin abin da ake tunawa. A irin waɗannan gidaje tsafta da sabon labule da aya ɗaya a bango sun wadatar.

Wuta da hattara

Filato ta san lantarki da wuri, domin tun 1929 aka kafa kamfanin NESCO da ke samar da wuta daga ruwan Kurra saboda ma'adinai. Duk da haka wutar ado ba ta zama ta kowa ba sai da masu araha suka cika kasuwa, musamman irin na yanzu masu ƙananan ƙwai da ba sa cin wuta, waɗanda batir ko ƙaramin faranti mai zuƙar hasken rana ke iya riƙe su. Ana naɗa su a bishiya, a zagaye taga da ƙarfen baranda, masu manyan gidaje a Rayfield har katanga da itatuwan ƙofar gida suke yi wa. Otal-otal da bankuna da wasu shataletalen gari su ma sukan yi nasu, iyaye su fito da yara da yamma a ɗauki hoto.

Hunturu lokacin gobara ne, kowa ya san haka. Takarda da auduga da busasshen reshe da siririyar waya sun haɗu a ɗaki ɗaya, ga kasko ko hita da ake kunnawa saboda sanyi. Shi ya sa a gidaje da yawa doka ce: mai kwanciya ƙarshe ya zare wutar ado daga soket, kuma ba a kunna kyandir kusa da bishiya.

Don wa ake yi

Ranar 25 ga wata, bayan an taso daga majami'a, ƙofa ba ta rufuwa. Yara cikin sababbin kaya suna bi gida-gida yawon gaisuwa ana ba su goron Kirsimeti, cincin da alewa da 'yan kuɗi. Surukai da abokan aiki da 'yan zumunta suna shigowa ana zuba musu shinkafa da miya da naman watanda, da gwaten acca ga mai so, da kunu ko zoɓo. A falon da aka ƙawata ake zaunar da su, kuma baƙuwar da ta san ya kamata ba ta tashi ba ta yaba ba: "Kai, Maman yara, wa ya yi miki wannan saƙa?" Amsar takan zo da sunan 'yar da ta yi, a kira ta ta gaishe da baƙi. Da yawan iyalai gida biyu suke gyarawa, na Jos da na ƙauye, domin bayan sujada ko washegari sukan ɗunguma zuwa Shendam ko Langtang ko Bokkos, da kwalin kayan ado a cikin kayan da ake kai wa kaka.

Musulmin garin suna da hannu a wannan hidima ta fuskoki da yawa. Cikin masu tallar ƙyalƙyali da hula a bakin titi, da telolin da ke ɗinka labule, da masu kawo tumatir da albasa Farin Gada, akwai su da yawa. A da, kafin rikicin Satumban 2001 da na 2008 da na 2010 su raba unguwanni, yaran Musulmi sukan taya abokansu hura balan-balan, a kai wa maƙwabta abincin Kirsimeti kamar yadda su ma suke kawo na Salla. Yanzu da zama ya rarrabu abin ya ragu, ko da yake bai mutu ba, musamman tsakanin abokan aiki da na kasuwa da tsofaffin maƙwabta da ke tsallaka gari don gaisuwa. Bama-baman da suka tashi a Kabong da Anguwan Rukuba a jajibirin Kirsimetin 2010, da hare-haren da aka kai ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi a jajibirin na 2023, sun sa wannan dare yana da nauyi a zukatan iyalai da yawa. Gidan da aka yi rashi a cikin shekara yakan taƙaita ado, a yi shara, a sa hoton mamaci inda za a gan shi, a ƙara kujeru saboda masu zuwa gaisuwa.

Kwashe kaya

Yawancin gidaje sukan bar adon har a shiga sabuwar shekara. 'Yan Katolika sukan jira a wuce bikin zuwan masanan gabas kafin su rushe bukkar. Balan-balan su suke fara mutuwa, sarƙar takarda ta bi bayansu in ƙura ta dishe launinta, sai a tattara a ƙona da shara. Wasu gidajen kuwa igiyar ƙyalƙyali takan kwana a silin har Ista, wani lokaci har wata Kirsimetin ta tarar da ita.

Abin da zai sake amfani ba a wasa da shi. A naɗe wutar ado a jikin guntun kwali don kada ta harɗe, a nannaɗe ƙwallaye da jarida, a wanke saƙa a ninke, a zuba duka cikin kwali ko jakar Gana-mas-go a ɗora a kan wadirof. In shekara ta zagayo aka sauke, za a tarar wani abu ya lalace, kuma ba a zubarwa. Wutar da rabinta ya mutu a kai wa mai gyaran rediyo ko wani saurayi a gida ya yanke ya haɗa, ƙafar bishiyar da ta karye kafinta ya yi mata ta katako, ƙwallon da ya rasa maratayi a zura masa zaren ulu, tauraron da ya dishe a sake masa riga da takardar alewa. Bayan shekara uku ko huɗu da wuya a ce ga na kasuwa ga na hannu, domin kowane ɗaya ya bi ta hannun wani a gidan. A cikin watan Janairu kuma, tun ba a gama biyan kuɗin makarantar yara ba, mata a zumunta da kasuwa da ofis suke buɗe sabon adashen da za a kwasa a Nuwamba, wanda daga cikinsa ne shinkafa da fenti da labulen Kirsimeti mai zuwa za su fito.